Agwagin Turai a Baturiya: wa ya taɓa ɗaukar hotonsu ba su tashi ba?

Ɗan Kirikasamma: Salamu alaikum. Hunturu uku ke nan ina zarya a fadamar Baturiya ta Jihar Jigawa, amma duk abin da ke kyamarata ƙeyar agwagi ce suna tashi. Ina nufin ƙananan nan da ke zuwa daga Turai wajen Nuwamba su koma a Maris, namijin da farin layi a saman ido. Kirinjijiyarmu ta gida takan ɗan yi haƙuri, su kuwa baƙin ko tari ka yi sun watse. Yaya kuke yi?

Malamin firamare daga Guri: Wa alaikumus salam. Fararen kaya kake sawa, ko? Haka na yi ta fama, har wani dattijo masunci ya ce da ni, "Malam, kana ƙyalli kamar balbela, wa zai tsaya maka?" Ana idar da asuba ya sa ni a kwalekwalensa, ya cusa mu cikin ciyawar kachala, ya ce ko sauro kada in kora. A Fabrairu ne, yatsuna duk sun ƙage. Mun fi awa guda a haka. Da rana ta ɗago sai ga su sun sauka dab da mu, har ina jin kukan namijin, kamar ana jan tsinke a kan mataji. Na danna ya fi sau 40, uku ne suka yi kyau. Baba ya ƙi karɓar ko sisi, goro kawai.

Wata daga Ringim: Ni dai Yaya, shamuwa ta ishe ni. Da farkon damina take zuwa ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidanmu, ba ta tsoron mutane, da waya ma nake ɗaukarta.

Direba daga Hadeja: Ranar da hazo ya yi kauri ka yi zamanka a gida, hoton toka-toka zai fito, ga ƙura a gilashi. Sannan ka fara gaida mai unguwa. Ni da na tsallake shi, 'yan sintiri suka hango doguwar kyamara a kafaɗata suka ɗauka bindiga ce. Sai da na nuna musu hotunan ɗinya ɗaya bayan ɗaya, ƙaraminsu ma ya ce a ɗauke shi.

Ɗan Kirikasamma: Malam, ka gano ni, farar shadda ce kuwa. Baban nan yana fita ran Asabar?