Kayan zane na ɗan firamare, dole sai an sayi duka? Ga kuma rigimar ɗaukan hoto

Maman Biyu, Arkilla:
Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Yarona yana aji 3, jiya ya dawo da wata doguwar takarda wai kayan darasin zane na zango mai zuwa, littafin zane, kala ta fensir, kala mai kamar kyandir, fentin ruwa mai kala 12, burushi uku, gam, almakashi, kwali, har da wani yumɓun roba da ban ma san inda ake saida shi ba. Bara na sai masa mai kamar kyandir ɗin nan ya bar ta cikin jaka a bayan mota a watan Afrilu, kun dai san ranar Sakkwato, wlh muna buɗewa duk ta narke ta manne da littafin lissafi. To dole ne sai na sayi duka? Na biyu kuma, shi da ƙanwarsa sun addabe ni da ɗaukar min waya, jiya hoton kazar maƙota ya fi 40 da na goge. Ko akwai yadda za a yi abin ya zama mai amfani a hutun nan?

Malamar Aji, Mabera:
Wslm Maman Biyu. Ni ina koyar da 'yan aji 2 da 3 kuma gaskiya zan gaya miki, rabin abin da ake rubutawa a takardar nan har zango ya ƙare ba a taɓa shi ba. Ki je ki samu malamarsu ki tambaye ta me za a fara da shi a sati huɗun farko, shi kaɗai za ki saya. Littafin zane, fensir, kala ta fensir da almakashi marar tsini, waɗannan kam ba makawa. Fenti kuma ba sai mai 12 ba, in akwai ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, sai fari da baƙi, an gama. Shuɗi da ruwan ɗorawa su ba shi kore, ja da ruwan ɗorawa su ba shi ruwan lemu, kuma ranar da yaro ya haɗa da hannunsa ya ga koren ya fito ba ya ƙara mantawa, ni na ga wata yarinya ta yi ihu har sai da aka leƙo daga ajin kusa. Gam ki dama sitaci ko garin rogo da ruwan zafi, yana kama takarda sosai, sai dai kar a dama da yawa don yana tsami. Kwali kuma kwalin taliya ko na sabulu ya wadatar. In za ki saya ki shiga Babbar Kasuwa wajen masu littattafai ku haɗa kuɗi ke da wasu iyaye ku ɗauki dozin, ya fi sauƙi a kan ɗai-ɗai a bakin makaranta. Kuma ki rubuta sunansa a jikin komai, har burushi.

Kawun Yara, Kanwuri:
Hajiya mi za ki yi da yumɓun roba alhali ga laka nan ta masu tukwane? Mu da munka tashi wa yas sai muna kala. Gawayi munka daka da ƙaro munka yi tawada, ita muka rubutun allo da ita, ga jar ƙasa ga farar ƙasa, ga karan dafi da dukawa ka rina fata da shi ta yi ja. Ki kai su wajen masu zayyanar allo su ga yadda aka tsara layi da launi, wanga shi na zane na gidanmu. Kuma abu guda, akwai iyayen da ba su son a sa ɗiyansu zanen abu mai rai, to zayyana da zanen ganye da ƙofofi da tukwane ba mai ja da kai a kansu.

Mai Hoto, Runjin Sambo:
Kawu ya yi gaskiya kan laka. Ni bari in taɓa batun hoto tunda sana'ata ce. Hajiya kar ki hana su, ki sa musu doka, kullum hoto 5 kacal kuma ke za ki ba da aiki, yau abu ja kawai, gobe inuwa, jibi hannun kaka tana tsinke zogale. Da yaro ya san biyar gare shi sai ki ga ya tsaya yana dubawa kafin ya danna. Da hantsi ko bayan la'asar za su fita, tsakar rana fuska takan yi duhu ido ya shige ciki, kuma rana ta kasance bayan mai ɗauka. Lokacin hunturu a riƙa goge gilashin kamara da ƙyalle mai laushi saboda ƙura. Wanda ya fi kyau a sati a wanke shi a takarda, ya ajiye gabansa ya zana a littafin zanen, kin ga an haɗa biyun.

Wani wasa kuma da nake yi da nawa, gwangwanin madara babba, a huda ɗan rami da ƙaramin ƙusa a gindinsa, a rufe bakin da farar takarda da aka shafa wa ɗan mai, yaro ya lulluɓe kansa da zane ya nuna ramin wajen bishiya, zai ga bishiyar a jikin takardar kai ƙasa. Haske a miƙe yake tafiya, na sama ya bi ta ramin ya sauka ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Wani masanin kimiyya, Ibnul Haisam, ya yi bayanin wannan a Misra kusan shekara 1000 da suka wuce. Amma dan Allah ki koya musu neman izini kafin su ɗauki mutum, ballantana matan mutane ko wuri irin Hubbaren Shehu, kuma ba kowane hoton yaro ake sawa a Facebook ba, musamman da kayan makaranta a jikinsa.

Maman Biyu, Arkilla:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama gobe zan je wajen malamar tasu. Mun gwada gwangwanin ɗazu ba mu ga komai ba sai fari fat, ina jin ramin ne babansu ya huda da ƙusa 'yar inci huɗu. Mai Hoto in toshe da kwali in sake hudawa da allura ko sai na nemo wani gwangwanin?