An samu mai a teku, me ya kawo rijiya ta biyu?

Ɗan Daura: Jama'a, ƙanena yana aikin haƙar mai a tekun Neja Delta. Ya ce sun samu mai, amma sai an sake haƙa wata rijiya. Don me? Mu nan da an ga ruwa an gama.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Malam, ita ce rijiyar tantancewa. Ta farko ta nuna akwai mai, wannan kuma yawansa take aunawa. Ana ciro samfurin dutse, a gwada ƙarfin fitowar man, a gano inda ya haɗu da ruwa. Wani lokaci iskar gas ce ta fi yawa, ko man bai kai a zuba kuɗi ba.

Hajiya Malama: Sai haƙuri, ɗana. Filin man Bonga ma, da ke cikin tekun Najeriya, sai 2005 ya fara ba da mai, shekaru bayan gano shi. Allah ya tsare ƙanenka.