Tamale na naman shanu na leda da na gwangwani: kalori nawa ne a ciki?

UwarBiyu:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata kan tamale ce, abincin nan na mutanen Meziko, ƙullun masara da nama a tsakiya, da ake sayarwa a kantunan Amurka, wani a firiza cikin leda, wani a gwangwani. Na duba bayan kwalaye biyu, lambobin sun yi nisa da juna sosai, alhali duk naman shanu ne. Kalori nawa ne a guda ɗaya? Kuma mai hawan jini ko mai son rage ƙiba zai iya ci?

MaiAwo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki kalli kalori, kalli layin sama inda aka rubuta Serving size, wato awon ci ɗaya. Duk lambobin da ke ƙasa na wannan awon ne, ba na kwalin gaba ɗaya ba. Wani kamfani guda ɗaya yake ƙirgawa, wani guda biyu, kuma girman ma ba ɗaya ba ne. Na gwangwani ƙanana ne, kuma nauyin da aka rubuta ya haɗa da miyar barkonon da suke kwance a ciki, shi ya sa kalorinsu ke fitowa kamar kaɗan. Gwangwani mai oza 15, wato giram 425, ya fi awo ɗaya. Wanda ya cinye shi duka sai ya ninka kowace lamba da yawan awon da aka rubuta a jikinsa.

In kina son kwatanta biyu bisa adalci, raba kalori da nauyin awon, ki ninka da 100. Abin da ya fito shi ne kalori a giram 100, da shi za ki auna.

Lissafin kansa ba wuya. Giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, na sitaci 4, na furotin 4. A ce misali tamale ɗaya na da kitse giram 15, sitaci 27, furotin 10. Kitse ya ba da 135, sitaci 108, furotin 40, jimla 283. A takarda za ki ga 280, domin dokar Amurka ta ce in ya haura 50 a kai shi goma mafi kusa. Ki lura a misalin nan kusan rabin kalorin daga maiƙo ya fito. Kuma maiƙon nan ba na naman ba ne kaɗai. Ƙullun masarar, wanda su ma suke kira da suna masa, ba ya yin laushi sai an buga shi da kitse mai yawa, in ba haka ba ya fito da tauri. Naman da ke tsakiya kuwa ɗan kaɗan ne, don haka kada a ɗauki tamale a matsayin abincin furotin.

MalaminAbinci:
Malam MaiAwo ya yi bayani, amma ga mai hawan jini ba kalori ne abin tsoro ba, gishiri ne. A gefen dama na takardar akwai kaso cikin ɗari. Na sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, an gina shi kan miligiram 2,300 a yini. Ƙa'idar da hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta bayar mai sauƙi ce: kashi 5 zuwa ƙasa kaɗan ne, kashi 20 zuwa sama ya yi yawa. Tamale na kanti, musamman na gwangwani, ba kasafai yake zama ƙasa da kashi 20 a awo ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fi tsanani, ƙasa da miligiram 2,000 take so, wato gishiri giram 5. In kina son sanin gishirin zahiri, ninka sodiyam da 2.5: miligiram 800 ya zama gishiri giram 2.

Sai layin Saturated fat, kitse mai daskarewa, wanda ke ɗaga kolestarol. Iyakarsa a takardar giram 20 ne a yini. Guda biyu masu giram 6 kowanne sun riga sun cinye fiye da rabi.

Abu na uku, wanda a ganina ya kamata a fara da shi: rubuta naman shanu a gaban kwali ba ya nufin babu alade a ciki. Asalin girkin tamale da kitsen alade ake buga ƙullun. Ki karanta jerin kayan haɗi, in kin ga lard ko manteca de cerdo, shi ne. Wasu na amfani da man waken suya, man kanola ko kitsen shanu a madadinsa. Jerin daga mafi nauyi yake farawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka in ruwa da masara da mai sun riga naman zuwa, kin san naman ba shi da yawa. Rashin kitsen alade kuma bai tabbatar da yankan halal ba, wannan sai da hatiminsa.

Ba duka ne aibi ba. Masarar da ake yin ƙullun masa da ita ana dafa ta da ruwan farar ƙasa ta girki kafin a niƙa. Wannan na sakin bitamin B3 da ke ɗaure a ƙwayar, yana kuma ƙara sinadarin kalsiyam. Tun 2016 aka ba kamfanoni a Amurka izinin ƙara folik asid, wani nau'in bitamin B, a garin masa, sai dai wannan izinin na tarayya bai tilasta musu ba.

UwarBiyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To in na tsiyaye miyar gwangwanin, gishirin zai ragu?

DattijonZaure:
Zai ragu, 'yata, amma kada ki sa rai da yawa. An zuba gishiri a ƙullun, an zuba a naman, kuma tamalen ya daɗe yana shan miyar. Abin da tsiyayewa ta fi cirewa shi ne jan man nan da ke daskarewa a sama. Sa gwangwanin a firji kafin ki buɗe, sai ki kwashe shi da cokali. Ki tuna na gwangwani a takarda ake naɗe shi, a cire ta kafin ci. Na firiza a bawon masara yake, shi ma ba a ci.

Inda lissafi ya fi ɓaci shi ne bayan an fito da shi daga kwali. Wanda ya soya tamale a kasko da cokali ɗaya babba na mai ya ƙara kalori kusan 120. Cuku giram 28 a kai, wani 110 ke nan. Turarawa ba ta ƙara komai: a jera su a madambaci da bawonsu, bakin yana kallon sama don kada ruwa ya shiga, minti 20 zuwa 30 in daga firiza ne. A maikirowef kuwa a naɗe shi da jiƙaƙƙen tishu, a juya shi a tsakiyar lokaci, in ba haka ba gefe ya bushe ciki na nan da ƙanƙara. Tsakiyar ta kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, 165 a na Amurka. Ragowar na gwangwani a juye a wani mazubi mai murfi, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu.

Ga mai rage ƙiba, guda ɗaya da kabeji ko latas da wake marar gishiri ya isa cin rana. Mai ciwon suga ya lissafa sitacin masarar, kada ya haɗa shi da shinkafa a faranti ɗaya. Mai hawan jini kuma in har zai ci, na firiza mai ƙaramin sodiyam ya fi masa, sauran abincin ranar ya zama ba gishiri sosai.