Gyaran zanen yanka na kwat ga yarinya doguwa mai siririn jiki

Mai koyon ɗinki, Jos:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu wannan sana'a. Ina neman shawararku a kan kwat ɗin sanyi da nake so in ɗinka wa 'yata kafin hunturu ya kankama, domin duk wanda ya san Jos ya san abin da safiyar Disamba da Janairu take yi wa yaran da ke sammakon makaranta. Na samo zanen yanka a intanet, irin na Turai wanda ake ba shi lamba bisa tsayin yaro, na buga mai lamba 110 saboda an ce na 'yan shekara 5 ne. Sai dai yarinyar doguwa ce, tsayinta santimita 118, ga ta kuma siririya, ƙirjinta 56 kacal. Da na ɗora takardar a jikinta, hannun bai kai wuyan hannu ba, gangar jikin kuma ta ɗage. Shin in koma in buga mai lamba 122, ko kuwa akwai hanyar gyara wannan? Za ta riƙa sa shi a kan suwaitar makaranta, ina son in sa masa hula a maimakon kwala, kuma ina fatan ya kai ta hunturun baɗi. Yadin ulu ne mai kauri, ɗaya da rabi kawai na saya, ba ni da halin ɓata shi.

Tela, Zariya:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki buga mai lamba 122. Idan kika yi haka za ki samu tsayin da kike nema, amma kafaɗar za ta zubo mata har dantse, wuyan ya yi fadi, iska ta riƙa shiga ta inda kike son tarewa. Kafaɗa da wuya su ne wuraren da suka fi wuyar gyara a kwat, alhali ƙara tsayi aiki ne na minti goma, saboda haka a kan zaɓi lamba bisa ƙirji da kafaɗa, sannan a ƙara tsayi.

Kafin komai, ki duba ɗan murabba'in gwaji da ake sawa a shafin farko na irin wannan zane, ki auna shi da tef. Masu buga takardu sukan bar na'ura ta matse shafi don ya shiga takarda, sai komai ya ragu ba tare da kin sani ba.

Idan awon ya yi daidai, ki ja layi a kwance a ƙasan ramin hammata, kamar santimita 5 daga gare shi, ki yanka takardar gida biyu, ki saka wata takarda a ƙarƙashi, ki buɗa gwargwadon tsayin da kike so, ki manne. Ki tabbata layin da ke nuna tsawon zaren yadi ya miƙe sambal tsakanin gutsattsarin biyu, in ba haka ba kwat ɗin zai karkace bayan wanki. Abin da kika ƙara a gaba shi za ki ƙara a baya, da shafin cikin kwat ɗin, da kuma ɓallin da ke bin bakin gaba ta ciki inda maɓallai suke zama. Wannan na ƙarshe shi ne wanda masu koyo suka fi mantawa, sai an zo haɗawa a ga ya gaza. Hannun kuma a daidai gwiwar hannu ake yanka shi a buɗa, ba a taɓa kansa da ke shiga kafaɗa. Daga nan sai ki sake raba tazarar maɓallan, ki kuma saukar da aljihu zuwa inda hannunta yake faɗawa idan ta tsaya.

Tsohon tela, Kano:

'Yata, mu da muka tashi da alli da almakashi, da rigar da ta yi wa yaro daidai za mu shimfiɗa a kan yadi mu fitar da awo, amma tun da takarda kika zaɓa, abin da Malama ta faɗa daidai ne. Zan ƙara maganar suwaita. Ki sa mata suwaitar, ki sake auna ƙirjin a kanta, sannan ki auna faɗin takardar ban da rarar ɗinki, wato ɗan abin da ake bari a baki domin haɗawa. Kwat yana son ya fi wannan awo da kamar santimita 10 domin yaro ya ɗaga hannu ya yi wasa. Idan ya gaza, ki raba abin da ya rage gida huɗu, domin gefe biyu ne kuma kowane gefe yana da gaba da baya: ƙarin santimita 4 yana nufin ɗaya a kowane baki. Duk abin da kika ƙara a hammata kuma dole ki ƙara irinsa a gefen hannu, ki tsayar da tef a kan gefensa ki bi lanƙwasar ki gwada su biyun.

Ki kuma bincika ko an haɗa rarar ɗinki a zanen. Na Amurka irin su Simplicity galibi suna zuwa da ita, kusan santimita ɗaya da rabi, amma na mujallar Burda ta Jamus sai kin ƙara da kanki.

Maganar baɗi kuwa, a kalmasa ake ɓoye ta, ba a kafaɗa ba. Ki bar santimita 6 a ƙasan kwat, 5 a bakin hannu, ki kama su da ɗinkin hannu wanda za a iya warwarewa. Kuma kada almakashi ya taɓa ulun nan sai kin ɗinka na gwaji da akoko ko tsohon zane, sai kuma kin bi ulun da guga ta kan jiƙaƙƙen ƙyalle don ya gama tsukewarsa.

Maman yara uku, Hamburg:

Yar'uwa, ni a kan hular zan yi magana. Ki auna zagayen wuyan kwat ɗin a takarda, ki sa gindin hular ya zo daidai da shi, tsayinta kuma ki ɗauka daga gindin wuya ta kan tsakar kai zuwa ɗaya gefen, ki raba gida biyu domin kowane ɓarin hular, ki ƙara kaɗan saboda kitso. Don Allah kada ki zura mata igiyar tsukewa. A nan Turai ƙa'ida ta hana igiya a wuya da hular tufafin yara ƙanana har zuwa shekara 7, saboda takan maƙale a lilo ko ƙofar mota ta shaƙe yaro. Ɗan roba a bakin hular ya wadatar.

Mai koyon ɗinki, Jos:

Allah ya saka muku da alheri. Yaya, kin yi gaskiya, murabba'in da ya kamata ya zama santimita 10 ya fito 9 da rabi, na koma an sake buga mini. Na ƙara 6 a jiki da 4 a hannu, faɗin kuma ya ishe ta har da suwaita. Baba, na gwajin ya zauna a kafaɗa, amma yadin ba zai ishi hular ba, don haka zan yi ta da ragowar yadin shafi ninki biyu. Gobe in sha Allahu zan yanka ulun.