Shawarwari ga Masu Sassaƙa da Girke Ayyukan Fasaha

A wata tattaunawa da masu sassaƙa suka yi a birnin Kano, batun kayan aiki ne ya fi ɗaukar lokaci. Dattijon cikinsu ya ce kada mai fasaha ya zauna jiran kaya daga ƙasar waje, alhali ga ƙarafa a Ƙofar Ruwa, ga fata a Kasuwar Kurmi, ga baba a marinar Ƙofar Mata. Ya kawo misalin El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Nsukka, wanda yake haɗa murafun kwalabe da wayar jan ƙarfe har su zama kamar ƙaton mayafi, kuma ya karɓi lambar yabo ta Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya a 2015. Ibrahim Mahama na birnin Tamale a Gana shi ma da tsofaffin buhunan koko yake lulluɓe gine-gine. A ganina wannan ce shawara mafi nauyi, domin abin da ya sha hannun mutane da tarihinsa yake zuwa.

An kuma ja hankalin mai girke aiki a fili da ya yi la'akari da ƙurar hunturu, zafin bazara da ruwan Agusta, waɗanda suke cin yadi da ƙarfe. Da batun siffanta mai rai ya taso, yawancinsu suka karkata ga dagi da zanen bangon gidajen cikin birni. Aka nemi kowa ya ɗauki hoton aikinsa kafin a kwance shi, ya kuma biya maƙera da masu walda haƙƙinsu tare da ambaton sunayensu.