Kujerun gaba a sujadar Kirsimati: girmama manya ne ko nuna bambanci?

Matashi daga Zuru:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. A majami'u da dama a ƙasar Zuru, idan Kirsimati ta zo akan keɓe kujerun gaba domin manyan baƙi da 'yan gari da suka dawo daga Abuja ko Kaduna, a kira sunayensu tare da abin da kowa ya bayar, alhali matan da mazansu suka rasu da tsofaffin da ba sa fashin sujada suna tsaye a waje. Wanda muke murnar haihuwarsa kuwa a komin dabbobi aka kwantar da shi, kamar yadda Luka 2:7 ta faɗa. Shin wannan girmama na gaba ne da aka tarbiyyantar da mu a kai, ko kuwa nuna bambancin da Yaƙub ya hana a sura ta 2 ta wasiƙarsa?

Dattijon ikilisiya, Yauri:
Ɗana, girmama na gaba ba laifi ba ne, domin Romawa 13:7 ta ce a ba mai girma girmansa. Amma ka koma sura ta 1 ta Luka ka ga wanda ya fara girmama wani. Alisabatu tsohuwa ce, matar firist Zakariya, daga zuriyar Haruna, Maryamu kuwa budurwa ce daga Nazarat, garin da ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Duk da haka, da Maryamu ta shigo ta yi gaisuwa, tsohuwar ce ta ɗaga murya ta sa mata albarka, har ta kira ta uwar Ubangijinta, tana mamakin yadda aka yi irin wannan baƙuwa ta tako gidanta. A wurinmu yaro ne kullum yake durƙusawa, shi ya sa nake ganin nauyin wannan magana yana wuyanmu mu da ake kai wa gaba, tun da ba wanda zai hana dattijo ya tashi ya ba wata tsohuwa kujerarsa.

Uwa a zumuntar mata, Birnin Kebbi:
Baba ya yi gaskiya, amma ni kiran sunaye da kuɗi ya fi damuna. Sa'ad da aka kai Yesu Haikali a Urushalima, hadayar da Luka 2:24 ta ambata ita ce kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu, wato abin da Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Da a wurinmu ne, Yusufu da Maryamu suna can ƙarshen takarda, idan ma an karanta su. Shi kuwa Yusufu, Matiyu 1:19 ta shaida cewa bai so ya kunyata Maryamu a fili ba, tun kafin mala'ika ya bayyana masa gaskiyar cikin da take ɗauke da shi. Rufin asiri ma girmamawa ne, kuma na san mata da suke ƙin zuwa sujadar godiya don kada a ji ƙanƙantar baikonsu.

Mai bishara, Danko-Wasagu:
Mama, na yarda a daina karanta adadin kuɗi. Sai dai kada mu zarce, gama masanan da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur su ma an karɓe su, kamar yadda aka karɓi makiyaya. Idan hakimi ko maƙwabtanmu Musulmi suka zo yi mana barka da Kirsimati, wajibi ne a ba su wurin zama mai kyau, baƙonka annabinka. Inda aka kauce shi ne idan aljihu ne yake zaɓen kujera tsakanin 'yan ikilisiya ɗaya. Ɗan'uwa daga Zuru, ka kai maganar gaban dattawa tun a watan Nuwamba, kafin a tsara shirin bikin, kuma ka tafi da wani babba da suke jin maganarsa.