Sayayya ta waya a ƙauye: wa ya gwada, yaya aka ƙare?

Mai tireda, yankin Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Da, duk sati biyu sai na shiga Kano sari a kasuwar Singa. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fara cinye ɗan abin da nake samu, sai na koma aika saƙon murya ga yaron shagon da nake sari: taliya kwali kaza, sukari, madara, sabulu. Ya faɗi kuɗi, in tura, ya kai tashar Yankaba, direba ya sauke min a bakin titi. Abin da ke damuna, yanzu ba na zaga kasuwa in ji farashin maƙwabtansa, abin da ya faɗa shi kenan. Ku fa, yaya kuke yi?

Matar aure, Gumel:
Wa alaikumus salam Malam. Ni daga tsakar gida nake kasuwancina, ko zaure ba na leƙawa. Wata 'yar uwata a Kano take turo min hotunan atamfa da leshi daga Kantin Kwari, in ɗora a sitatus ɗin WhatsApp, wadda ta ga ya yi mata ta ba da kafin alƙalami, sannan a sa a mota. Ban taɓa ajiye turmi ko ɗaya da kuɗina ba. Amma fa hoto maƙaryaci ne. Wata amarya ta zaɓi leshi ruwan hoda, da ya iso sai ga shi ya fi kama da ruwan goro, ashe fitilar shagon ce ta haske shi. Uwar amarya har gida ta zo, ta shimfiɗa shi a kan tabarma ta ce in faɗa mata tsakanina da Allah ko shi ne. Tun ranar na kafa doka: a fito da kaya rana a yi min bidiyo, in ba haka ba ba na ɗorawa.

Ɗan POS, Gujungu:
Hajiya kin yi dabara. Mu nan ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, muke ganin abu. Kafin canjin kuɗi na farkon 2023, dattijo ka ce masa za ka tura masa kuɗin awakinsa ta waya sai ya ɗauka zolaya ce. Da takardar kuɗi ta ɓace, dole ta sa kowa ya buɗe asusu. Yanzu har mai ƙosai tana da lambar asusu a jikin kwali.

Manomi, Taura:
Ni dai na sha. Buhun riɗi biyu wani ya saya, ya nuna min waya wai ya tura, har da takardar shaida, ya ce sabis ne ya riƙe. Aka ɗora a babur ina kallo. Na kwana ina latsa waya, har yau alat bai shigo ba. Ɗana ne daga baya ya ce min hoton haɗa shi ake yi.

Ɗan POS, Gujungu:
Allah ya mayar da alheri Baba. Nan gaba kada ka duba wayarsa, kuma kada ka tsaya kan saƙo. Buɗe naka asusun ka ga kuɗin sun zauna, in ba ka iya ba ka zo wurin irinmu a duba maka kafin kaya su tashi.

Ɗalibi, Ɗambatta:
Na gwada saye a manhajar manyan kantunan nan na intanet. Wurin adireshi na tsaya cak. Me zan rubuta, bayan masallacin Juma'a kusa da bishiyar darbejiya? Dole na sa a ajiye a Kano, na bi shi da kuɗin motata, rangwamen ya tafi a hanya.

Mai tireda, yankin Ringim:
Ai shi ya sa direba ne adireshinmu. Hajiya, ke wa yake biyan kuɗin mota in kaya sun koma, ke ko mai saye?

Matar aure, Gumel:
Rabawa muke yi, Malam. Na amaryar nan dai ni na biya duka, leshin ma yana cikin akwatina, sai Sallah in ɗinka.